Kwana Ɗarin Matar Fasto Hosea

Litinin, 27 ga Janairu, 5:10 na yamma

'Yata Zaratu ta koma Leeds jiya, asibitinsu sun ƙi ƙara mata hutu. Ita ta sayo mini wannan littafin, wai in riƙa zuba abin da ke raina a ciki. Yarinyar da na goya, yau ita ke rubuta mini magani! To ga shi na fara, da Hausa kuma, don ko ta leƙa sai ta yi gumi kafin ta kai ƙarshen layi ɗaya.

Yau kwana huɗu da muka kai Hosea makwancinsa. Lafiyata lau. Ina ci, ina barci, mun gode Allah.

Na buɗe zumunta yau kamar kullum. Shekara goma sha huɗu ke nan, kowace Litinin da ƙarfe biyu, a ƙaramin ɗakin bayan majami'ar nan ta Limehouse, don ranar ce yawancin gidajen abincin 'yan Chaina suke hutu. Na cika fulas biyu da ruwan zafi, na jera kujeru goma sha biyu, mutum tara suka zo. Kawu Tsang, tsohon kuku, shi ya karanta Maganar Allah da harshensu na Kantonis, ni na yi addu'a. Kantonis ɗina dai na kasuwa ne da na layin asibiti, ɗingishi yake yi. Ina tsakiyar addu'a sai Popo Leung ta gyara mini wata kalma da ƙarfi, idonta a rufe. Popo a harshensu kaka ke nan, shekararta tamanin da huɗu, kuma ba ta raga wa kowa. Na maimaita yadda ta ce, ta ce amin. Kowa ya yi dariya, har ni.

Rabaran Matiyu ya kira daga Jos. Ya yi ta'aziyya karo na uku, sannan ya kewayo kan abin da ya kira dominsa. Kwamitin mishan yana son amsata kafin ƙarshen Fabrairu. In aikin zai tsaya da ƙafarsa ba tare da Hosea ba, in zauna. In ba zai tsaya ba, a rufe, in dawo gida in huta. Na ce, "Rabaran, ranar da aka ɗora mana hannu a Bukuru, mutum biyu ne a durƙushe, ba ɗaya ba." Ya ce, "Na sani, Mama Kachollom, amma sai an gani." To, za a gani.

Talata, 28 ga Janairu, 11:30 na safe

Na sayo lemo kwali biyu, irin mai ganyen nan da suke so. Gobe sabuwar shekararsu. Ranar farko ta dangi ce, jibi ake fara ziyara. Haka muke yi kowace shekara, lemo biyu a kowace ƙofa, Hosea yana zuba Kantonis kamar a Hong Kong aka yanke masa cibiya, ni ina riƙe da jaka ina murmushi.

Mutane sukan tambaye ni yadda aka yi mutumin Barikin Ladi ya ƙare a cikin 'yan Chaina. A masaƙa ne, a Kaduna, yana saurayi. Wani injiniya ɗan Hong Kong ya kwanta zazzaɓi babu mai leƙa shi, Hosea ya yi jinyarsa mako uku. Daga nan mutanen suka shiga ransa, ba su sake fita ba. Ya nemi zuwa Chaina, hanya ta ƙi. Sai ya ce ai Allah ya riga ya kwaso Chaina ya zube a Landan, mu je can. Shekara biyu yana wanke kwanoni a bayan gidan abinci don ya kama harshen. Shekara bakwai kafin mutum ɗaya ya nemi baftisma. Ni ina ta mita, shi ko a jikinsa.

Bana dalilina biyu ne na fita. Mutum goma sha ɗaya daga cikinsu suka tsaya cikin ruwan sama a maƙabarta. A wajenmu in an tashi makoki, ai dole ka bi mutane gida-gida ka yi musu ban gajiya. Uwata ba ta koya mini in karɓi alheri in yi shiru ba.

Alhamis, 30 ga Janairu, 6:00 na yamma

Na dawo, na tsoma ƙafa a ruwan ɗumi.

Na fara da Misis Chan a Poplar. Ta buɗe ƙofa kaɗan, sarƙa na maƙale, ta ce jikanta na mura, kada in ɗauka. Na miƙa lemo, ta ce hannunta da mai. Gida na biyu na ƙwanƙwasa har hannuna ya yi zafi, ina jin talabijin, ina jin ƙamshin soyayyen kifi, babu wanda ya amsa. Na ce tsufa ne, kunne ya yi nauyi.

Gidan su Popo Leung kuwa, hawa na tara, ƙofar a buɗe take, takalman baƙi jere a waje. Na cire nawa na faɗa ciki da gaisuwar sabuwar shekara, da ƙarfi, yadda Hosea yake yi. Falon cike, jan kyalle ko'ina. Sai kowa ya yi tsit. Kin, ɗan Popo, ya tsaya da kofi a hannu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na yi godiyar zuwa jana'iza. Mei, matar Kin, tana zaune a kujera da cikinta wata bakwai, cikin da suka shekara tara suna jira. Na rungume ta, na ɗora hannu a kan cikin na sa albarka, kamar yadda nake yi duk lokacin da na gan ta. Yau jikinta a sandare yake, ko sanyi take ji.

Popo ta tashi ta kama gwiwar hannuna. Ba ta ce in zauna ba. Ta raka ni har bakin lif, tana cewa, "Simo, koma gida. Koma gida ki huta." Simo suke kirana, wato matar fasto.

Mutanen kirki. Tausayina suke ji, sun rasa abin da za su ce mini. Ni ma da haka zan yi.

Juma'a, 31 ga Janairu, 9:00 na safe

Wayyo ƙafafuna. Lemo ya rage kwali ɗaya da rabi, ina ta sha.

Asabar, 1 ga Fabrairu, 1:20 na rana

Kawu Tsang ya kira. An kai Mei asibiti jiya. Ta haihu, mace, bakwaini, tana cikin kwalba. Na ce bari in ɗauko kwat ɗina. Ya ce, "Simo, kada ki je." Na ce ai addu'a kawai zan yi. Ya sake cewa kada in je, har sau uku. Wai Litinin zai yi mini bayani.

Na yi addu'ar a nan kicin.

Litinin, 3 ga Fabrairu, 4:45 na yamma

Kujeru goma sha biyu, fulas biyu. Mutum ɗaya.

Kawu Tsang ya zauna, ya cire hularsa, ya yi ta juya ta a hannu. Sannan ya ce a al'adarsu wanda aka yi wa rasuwa ba ya shiga gidan kowa sai ya cika kwana ɗari. Balle a sabuwar shekara. Balle gidan da ke da mai ciki. Sun yarda cewa makoki yana bin mutum kamar hayaƙi a jikin riga, in ya shiga gida sai ya bar shi a can.

Na ce, "Kawu, ni fa ban gajiya na je yi."

Ya ce, "Na sani. Ni ban yarda da abin ba, Simo, tun da Fasto Ho ya yi mini baftisma. Amma Kin ba mai bi ba ne. Ke kin taɓa cikin Mei ranar Alhamis, ranar Juma'a aka kira motar asibiti. Me kike so ya yi tunani?"

Na ce me ya sa babu wanda ya gaya mini. Ya ce sun ɗauka na sani, shekara goma sha huɗu ai ba kwana biyu ba ne. Kuma da gaskiyarsa. Yanzu nake tunawa, duk wanda aka yi wa rasuwa a zumuntarmu sai ya ɓace wata uku, kuma akwai shekarar da Hosea ya tsallake ƙofar wani tsoho, ya ce za mu gan shi a waje. Ban taɓa tambayar dalili ba. Ni dai jaka nake riƙewa.

Kin ya hana Popo zuwa. Sauran kuma suna jin tsoro, wasu na abin, wasu na bakin mutane. Da na matsa masa, Kawu ya ce bayan fitata sun dafa ganyen wani irin babban lemo, sun wanke ƙofa da inda na tsaya.

Inda na tsaya. Kamar kaza ta yi kashi.

Mun dai yi zumuntar mu biyu. Ya karanta, na yi addu'a, babu wanda ya gyara mini kalma.

Talata, 4 ga Fabrairu, 8:15 na safe

Raina a ɓace yake, bari in rubuta tun da na wannan aka sayi littafin. Wa ya raka Kin ofishin takardu a Croydon, sau huɗu, tun da sassafe? Wa ya zauna da Popo lokacin da aka yi mata aikin ido? Mijina ya ƙarar da ƙarfinsa a kan mutanen nan, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, an ce matarsa ƙazanta ce. Haba!

Na juya zan tambayi Hosea yadda ake yi.

10:00 na safe

Na huce. Lafiyata lau. Na sake dafa shinkafar mutum biyu.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, 3:30 na yamma

Zaratu ta kira, ta cika mini kunne da Turanci. Ita a wajenta camfi ne tsantsa, kuma a matsayinta na nas ta san dalili ashirin da ke sa haihuwa ta zo da wuri, babu lemo a ciki. Ta ce in haɗa kayana in zo Leeds. Na ce na ji.

Hajiya Jamilatu ta flat ɗin sama ta sauko mini da dambu. Bakanuwa ce, mijinta likita, shekara shida muna gaisawa a bakin kwandon shara. Na ba ta labarin duka. Ta riƙe baki, sai kuma ta fashe da dariya, ta ce, "Maman Zaratu, mu fa wata huɗu da kwana goma muke takaba. Ke kwana ɗari aka ce, ai ragi aka yi miki!" Na yi dariya har da hawaye, rabona da irin wannan tun bara.

Da muka natsu ta ce, "Haihuwa da ajali duk a hannun Allah suke, ke ma kin sani. Amma mutumin da 'yarsa ke cikin kwalba ba zai ji wannan yau ba. Ki bar shi ya ji tsoronsa."

Ta tafi ta bar ni ina tunani. Dambun ya yi daɗi, sai dai yaji ya ɗan wuce.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, 2:00 na rana

Na yanke shawara. Zan kiyaye musu kwana ɗarin. Ba don na yarda akwai wani hayaƙi a rigata ba, Yesu ya riga ya wanke ni. Amma ni na shiga gidan mutane na tsorata su a ranar farin cikinsu, da hannuna da bakina, kuma ba su suka zo ƙasarmu neman mu ba, mu muka zo neman su. Na aika Kawu Tsang ya gaya wa Kin cewa na yi kuskure cikin rashin sani, ina neman gafara, kuma ba zan taka ƙofar kowa ba har kwanakin su cika.

Sannan na tambaye shi, "Kawu, titi fa? Titi gidan wane ne?" Ya yi dariya a waya, ya ce titi na council ne, wato ƙaramar hukuma.

Madalla. Akwai benci a tsallaken hanya, daura da asibitin, kusa da tashar bas. Na je yau da ƙarfe goma sha ɗaya, na yi awa ɗaya. Ban san tagar da jaririyar take ba, sai na bi tagogin duka, Allah ya san tasa.

Litinin, 10 ga Fabrairu, 4:30 na yamma

Ni da Kawu Tsang. Na rage fulas zuwa ɗaya, amma kujerun na jera su duka, hannu ya saba. Kin bai aiko da amsa ba. Jaririyar tana numfashi da na'ura, ta ɗan ƙara nauyi. Kawu ya koya mini yadda ake cewa "ƙaramar jika" daidai, sai da na maimaita sau goma kafin ya daina girgiza kai. Ya kuma cinye biskit ɗin mutum goma sha biyu shi kaɗai, wai kada ya lalace.

Laraba, 12 ga Fabrairu, 12:30 na rana

Benci. Ruwan sama. Mun gode Allah.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, 1:00 na rana

Na fara son bencin nan. Direban bas mai lamba ɗaya ya san ni, yana ɗaga mini hannu. Wata Baturiya ta miƙo mini kofin shayi, ta ɗauka ba ni da wurin kwana, na karɓa na yi godiya, me zai sa in kunyata ta? Ina zama da safa biyu da shuɗin ɗankwalina, in yi addu'a da Hausa, in yi da Berom, in ƙarasa da Kantonis don kada yarinyar ta ji duk baƙin harshe ne. Ina sa Mei, ina sa Kin. Na Kin yakan tsaya mini a wuya, amma yana wucewa.

Yau na hango shi ya fito shan taba. Ya rame. Na ja lema na rufe fuska har ya koma ciki.

Wani abin mamaki, hankalina kwance yake. Shekara goma sha huɗu ina dafa shayi ina jera kujeru ina cewa aikin Hosea. Yanzu babu shayi, babu kujera, babu mai ganina, amma ban taɓa jin ina aikin ba kamar a kan bencin nan.

Litinin, 17 ga Fabrairu, 4:00 na yamma

Kawu Tsang na fama da ƙafa, bai zo ba. Na zauna awa biyu, na rera waƙa uku, na naɗe kujeru.

Laraba, 19 ga Fabrairu, 5:40 na yamma

Rabaran Matiyu. Ya tambayi mutum nawa suke zuwa, na gaya masa gaskiya. Da na ba shi labarin sai ya ɗauki zafi, ya ce wannan al'adar duhu ce, kamata ya yi in tsaya in yi wa'azi a kanta, ba in sunkuya mata ba. Na ce, "Rabaran, in yi wa wa? Kujeru?" Ya ce mai bishara ba ya bin camfi. Na ce ba camfi nake bi ba, mutane nake bi. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Mama, kin yi iyakar ƙoƙarinki. Babu wanda zai ga laifinki. Ɗakinki a Bukuru yana nan."

Ba mugun mutum ba ne. Saura kwana tara.

Na rubuta wasiƙar amsa, layi biyar, cewa na yarda a rufe. Ban aika ba. Tana ƙarƙashin gwangwanin sukari.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, 12:15 na rana

Benci. An cire mata na'urar numfashi, in ji Kawu. Na yi rawa kaɗan a tashar bas, oho.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, 3:00 na yamma

Masu majami'ar Limehouse sun aiko, gobe za su yi fenti, ba za a shiga ɗakin ba. To, gara haka. Ba sai na je na kalli kujeru ba.

Litinin, 24 ga Fabrairu, 6:20 na yamma

Bari in rubuta wannan kafin in manta wani abu.

Ƙarfe biyu daidai aka danna ƙararrawa. Na ɗauka Hajiya ce. Na buɗe, sai ga Popo Leung, da sandarta, da tukunya a naɗe cikin tawul a ƙaramin keken cefane. Ita kaɗai, daga Poplar har Barking, tsohuwar da ba ta karanta sunan tasha da Turanci. Wai ta nuna wa mutane takardar jana'izar Hosea mai adireshinmu a baya, aka yi ta miƙa ta daga hannu zuwa hannu.

Na tare ƙofa na ce, "Popo, nan gidan makoki ne. Kwanakin ba su cika ba."

Ta ce, "Matsa, ƙafata na ciwo."

Na matsa. Ta zauna, ta kalli falon, ta ce na bar ƙura a kan talabijin. Na ce Kin ya san kin zo? Ta ce Kin ɗanta ne, ba ubanta ba. Har yanzu yana fushi, ta ce, kuma zai daɗe. Misis Chan ma ba za ta dawo yanzu ba.

Sai ta ce, "Kina tsammani ba a ganinki? Mace kamarki, da wannan ɗankwalin, a kan benci kullum? Daga hawa na huɗu na asibitin nake kallonki. Ranar farko na ce wayyo, ga ta kuma. Ranar ruwan sama na ce yau ba za ta zo ba. Sai ga lema."

Kunya ta kama ni. Na tambaye ta abin da ke cina tun farkon wata. Na ce, "Popo, ki gaya mini tsakani da Allah. Kin yarda ni na jawo wa Mei?"

Ta ce, "Da safe in na yi addu'a, ban yarda ba. Da yamma in na ga yarinyar cikin kwalba, sai in ji muryar uwata, in yarda. Kusan shekara tamanin ina jin abu ɗaya, shekara shida ina jin wani. Ban gama ba tukuna. Amma na zo."

Ta sa na ɗauko kwano biyu. Miyar ƙashi ce da wasu saiwoyi, wai tun safe take kan wuta. Tana zubawa ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba, ina jin ko Hosea bai ji shi ba. Lokacin da mijinta ya rasu tana da shekara arba'in da ɗaya, a ɗaki guda a saman gidan abinci a Soho, Kin yana ƙarami. Ta yi kwana ɗarinta cif. Ba ta shiga gidan kowa ba, babu kuma wanda ya shigo nata. Mutane sukan ajiye abinci a bakin matakala su gudu. Ta ce tana jin takunsu suna sauka.

Ta ce, "Al'adar ta kare gidajen mutane. Babu wanda ya tambayi wadda ke cikin ɗakin. Ni na ƙirga kwanakina ni kaɗai. Ke yau hamsin da biyu, saura arba'in da takwas."

Ni ban ƙirga ba. Na ɗauki alkawarin kwana ɗari, amma ban iya komawa ranar farko in fara lissafi ba, don sai na tuna Juma'ar da na rasa mijina. Ashe ita tana ƙirga mini tun daga ranar da Hosea ya mutu.

Ta ce, "Duk Litinin ina nan, ƙarfe biyu. Tsang ma in ƙafarsa ta sauka. Ke ba ki shiga gidan kowa, to mu mu shigo naki. Kuma ki gyara addu'arki, har yanzu kina ɓata sunan Ruhu Mai Tsarki."

Nan kukan ya zo, wanda ban yi a asibiti ba, ban yi a maƙabarta ba, ban yi a gaban Zaratu ba. Ba lafiyata lau ba, ina kewar mijina, ina kewarsa har cikin ƙashina. Popo ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta bar ni na yi har ya ishe ni, tana riƙe da wuyan hannuna da 'yan yatsunta masu sanyi. Sannan ta turo kwanon ta ce, "Sha, kafin ta huce."

Na sha. Mun yi addu'a don ƙaramar jika, ta gyara mini sau biyu. Na raka ta har tashar jirgin ƙasa, na sa ta a jirgin da ya dace, na tsaya a dandamali tana yi mini faɗa ta gilashi wai in rufe wuyana.

Da na dawo na kira Rabaran Matiyu. Ya ce, "Mama, mutum nawa yau?"

Na ce, "Ɗaya, Rabaran. Kuma ta ce za ta dawo Litinin, don haka ina nan."